Ƙwan Da Ake Ware Mini

"Auta! Auta, ki zo ki kama mini shi!"

Ihun Umma ne daga ƙofar banɗaki. Na saki dutsen guga a kan rigar da nake gogewa, na kwasa a guje ko ɗankwali babu a kaina. Abba na tarar a zube tsakanin ƙofa da bango, jallabiyarsa ta jiƙe sharkaf da gumi, idanunsa sun faɗa ciki, leɓunansa sun bushe sun yi fari. Tun jiya yake zarya banɗaki, ga amai ga gudawa, ga zazzaɓi. Amma Abba mutum ne da zai ce maka "ɗan ɓacin ciki ne" ko da hanjinsa zai fito waje.

"Abba! Abba, kana ji na?"

Ya buɗe ido da ƙyar. "Ku daina tara mini jama'a," ya ce, sai kansa ya langaɓe a kafaɗata.

Yayata ce ta cece mu. Layin bayanmu take aure, kira ɗaya na yi mata sai ga ta da 'yar jar motarta mai tari, takalmi wari da wari. Muka cicciɓi Abba sai asibiti. Rigar da na bari kuwa, kafin maƙwabciya ta shiga ta cire wutar, dutsen guga ya riga ya zana hotonsa a ƙirjinta. Ita ce doguwar riga mai ruwan zuma da aka ɗinka mini saboda ranar Asabar, ranar da iyayen Mai Kaji za su zo wajen Abba neman aurena.

Bari in gaya wa waɗanda ba su san shi ba. Mai Kaji saurayina ne, kuma ni na kawo shi gida da kaina, ba wanda ya haɗa mu. Dogo, mai sanyin magana, kullum cikin ƙamshi kamar bai taɓa sanin warin kashin kaza ba. Gonar kajin ƙwai gare shi a bayan gari. Duk zuwan da zai yi zance sai ya sauke mana kiret ɗin ƙwai, ba irin na shago ba, manya-manya, masu sheƙi kamar an shafa musu mai, yawanci in ka fasa gwaiduwa biyu. Umma in ta ga kiret ɗin nan har wata murya take canzawa. Shi kuma yana kira na Tsakona. Ku yi dariyarku, ni a lokacin daɗi nake ji.

An sa wa Abba ƙarin ruwa, an ɗebi jini da bayan gida. Likitar wata siririyar mata ce mai tabarau, ba ta da yawan fara'a. Ta tsaya a ƙafar gadon ta dube mu ɗaya bayan ɗaya.

"Me ya ci a 'yan kwanakin nan wanda ku ba ku ci ba?"

Abu ɗaya ne tak. Kowace safiya Abba yakan fasa ɗanyen ƙwai a kofin madara, ya kaɗa da cokali ya shanye, wai ƙarfin jiki. Mu sai an soya ya yi ƙayau muke ci.

Na buɗe baki ke nan Umma ta taka mini ƙafa.

"Tukunya ɗaya muke ci, likita," ta ce. "Ina jin ruwan sayarwa ya sha a hanya."

Likitar ta ɗan jima tana kallon Umma. "Mama, sakamakon gwaji sai ya ɗauki lokaci, shi kuma ga shekaru, ruwan jikinsa ya ƙare, ƙodarsa nake ji wa tsoro. In na san inda abin ya fito, zan san inda zan dosa. Nama ne bai dahu ba? Ɗanyen ƙwai? Akwai ƙwayoyin cutar da ɓeraye ke yawo da su a gonakin kaji, su bar su a abinci da ruwa da kan ƙwai. In irin wannan ne, to ba maigidanki kaɗai ya ci ba."

"Allah ya kiyaye," in ji Umma, ta gyara mayafi. "Mu ba ma harka da ƙazanta."

Ni dai hankalina ya koma kan wayata. Don ban da maganar madara, akwai wani abin da yake ci na tun safe.

Ina cikin guga ɗazu, kafin ihun Umma, wayata ta yi haske. Ban buɗe ba, a saman allo na karanta: *Tsakona, kiret ɗin da na kawo ranar nan kar a ƙara taɓawa. Zan aiko a canza muku da sabo.* Na ce a raina, ji mutumin nan da iyayi, ƙwai ma sai an canza. To yanzu a barandar asibiti na buɗe wayar in gaya masa halin da muke ciki, sai na tarar saƙon babu shi. An goge. A madadinsa ga wani: *Barka da safiya, sarauniyar 'yan tsaki. Kin tashi lafiya?* Har da hoton fure.

'Yan uwa, ku taya ni tunani. Babu wanda ya gaya masa Abba ba shi da lafiya. Ni ban faɗa ba, Abba ya hana. To me ya sani game da kiret ɗin nan? In kuma alheri ne, me ya sa ya goge?

Na ja Umma gefe, kusa da famfon wanke hannu.

"Umma, ƙwan nan ne. Ki bari in gaya mata."

"Rufe mini baki!" Ta waiga hagu da dama. "So kike a ce surukinmu ya kashe ubanki tun kafin a ɗaura? Wa zai ƙara sayen ƙwansa? Wa zai ƙara tako ƙofar gidanmu?"

Kamar an kira ta, sai ga Gwaggo, ƙanwar Abba, da kwandon abinci da ƙarar awarwaro. Ita ce shugabar masu ƙirga mini shekaru a danginmu. Umma ta raɗa mata, ta dafe ƙirji.

"Ke Auta, ki kiyaye ni! Duk sa'o'inki sun yi ɗaki, wasu da goyo. An samu yaro mai sana'a, mai kunya, za ki ɓata da bakinki? Ubanki ai ya saba da ciwon ciki tun muna yara. Ko mangwaro ya ci sai ya kwana a banɗaki."

Na leƙa ta taga na ga Abba, hannunsa a shimfiɗe da allura, bakinsa a ɗan buɗe. Ban taɓa ganin ya yi ƙanƙanta haka ba.

Na sami Yaya a mota tana neman warin takalminta a ƙarƙashin kujera. Na nuna mata wayar, na gaya mata komai.

"Kin taɓa zuwa gonar tasa?" ta tambaya.

"Hotuna yake turo mini."

"Hotuna!" Ta yi wata dariya mara daɗi. "Ni ma mijina hoton gida mai bene ya nuna mini, ashe na maƙwabci ne. Shigo mu je."

Muna fita ƙofar asibiti muka yi kiciɓis da motar Mai Kaji tana shiga. Umma ta kira shi ke nan. Na sunkuyar da kai har muka wuce.

Gonar tana ƙarshen wata hanya mai ramuka, katanga doguwa, ƙofar ƙarfe shuɗiya. Tun daga waje wari ya yi mana maraba. A bakin ƙofa akwai ɗan ramin siminti da ake zuba ruwan magani a taka kafin a shiga, amma a bushe yake ƙayau, har da ganye a ciki. Wata mata mai jiki ta fito daga ɗakin kaji da kiret a kai da dogon takalmin roba. Ta ƙare mini kallo, sai ta washe baki.

"Lah! Wallahi ke ce! Ke ce ta kan wayar Oga! Amaryarmu, sannu da zuwa. Ashe a fili kin fi kyau."

"Wucewa muka zo yi," in ji Yaya, ko ƙifta ido ba ta yi ba. "Ta ce sai ta ga kajin da ke yi mata manyan ƙwan nan."

"Ai naki daban ne, amarya! Naki ba ya shiga lissafin kasuwa. Zo ki gani, ni nake kwasar ƙwai a nan, amma naki Oga bai yarda kowa ya taɓa ba."

Ta wuce da mu dogayen ɗakunan da kaji ke jere a keji suna ta surutu, ta zagaya da mu baya, ta tura ƙofar wani ɗaki mai duhu. Ɗakin ajiyar abincin kaji ne. Buhuna a jibge har rufi, na ƙasa duk sun huje, gari ya zube. A kusurwa ga tulin buhunan da aka juye, wasu tsofaffin kaji jajaye sun yi kwance a kai abinsu.

"Waɗannan su ne hajiyoyin gidan," in ji matar tana dariya. "Sun tsufa, keji ya ishe su, Oga ya ce a bar su su sha iska. Nan suke zuwa su yi ƙwai. Kin san tsohuwar kaza ita ke yin babba, wani ko ramin kiret ba ya shiga da kyau. Shi da kansa yake tsugunawa ya tsince miki."

Na matsa. Idona ya saba da duhun, na fara ganin abin da ke kan buhunan. Baƙaƙen ƙwayoyi kamar an watsa shinkafar da ta ƙone, a kan buhu, a bakin kwanon ruwa, a jikin wani ƙwai da ke kwance a gefe. Wani zarni ya daki hancina. Matar ta janye buhu ɗaya don ta nuna mini gurbin, sai ga su sun watse, manya da 'ya'yansu, ɗaya ya bi ta kan takalmina.

Na ƙwalla ƙara. Yaya ta riga ni kaiwa ƙofa.

"Haba amarya, ɓera ne fa! In za ki auri mai kaji ai sai ki saba da dangin miji."

"Ba kwa sa magani?" na tambaye ta.

"Da ana sawa. Sai wata rana hajiyoyin nan suka ci, guda nawa suka mutu. Oga ya ji haushi, ya kwashe maganin kaf, ya ce kar ya ƙara gani. Ai saboda ke ne, in sun ƙare wa zai yi miki gwaiduwa biyu?" Ta nuna wata robar wanka a bakin famfo, ruwan ciki ya yi kalar shayi, da soso a gefe. "Nan yake wanke miki su ɗaya bayan ɗaya, ya goge da tsumma har su yi ƙyalli. Wallahi mutumin nan yana son ki."

"Ke kaɗai ce ke aiki?" Yaya ta tambaya daga nesa.

"Mu biyu ne. Abokiyar aikina tana kwance, ciki ya murɗe ta, har asibiti. Ita dama fasassun nan take sha ɗanye. Jiya da yamma Oga ya je dubo ta, ya dawo ko magana ba ya yi."

Jiya da yamma. Yau da safe kuma saƙo.

A hanyar komawa motar sai tarinta take yi. Ni kuwa kaina ya rabu biyu. Wata zuciyar ta ce, mutum ya tsuguna cikin ƙura yana tsince miki ƙwai da hannunsa, wannan mugu ne? Ɗayar ta ce, to da ya gane, me ya hana shi kira? Sai kuma wani abu ya faɗo mini. Sau nawa na soya masa ƙwai in ya zo, na yanka albasa, na jera a faranti mai fure? Kullum sai ya sha shayin, ya ci burodin, ya ture farantin ya ce a ba yara.

A barandar asibiti na same shi, cikin farin yadi mai guga, hula a karkace, ya cika wa Umma gaba da lemo da ruwan roba. Gwaggo sai zuba masa albarka take. Yana gani na ya taso da murmushi.

"Tsakona, ina kika shiga? Na yi ta kira."

"Na je gaida hajiyoyi."

Murmushin ya tsaya a inda yake. Idonsa ya sauka kan takalmina, inda garin abincin kaji ya manne. Ya yi mini alama muka koma bayan matakala.

"Me ya sa ka goge saƙon?"

"Na ga kamar zai tayar miki da hankali."

"Hankalina ka ji wa, ko gonarka?"

Ya shafa fuska. "Ki saurare ni. Jiya ne kawai na ji abin da likitan ma'aikaciyata ya ce. Wallahi ban san Abba yana sha ɗanye ba. Na yi niyyar in canza kiret ɗin shiru, in sa a gyara ɗakin, in dawo da magani. Kafin Asabar komai ya wuce."

"Na kasuwa fa? Ba abincin ɗakin nan kajin keji suke ci ba?"

Ya kau da kai.

"Kuma me ya sa ba ka taɓa cin ƙwai a gidanmu ba?"

"Haba, Tsakona. Wanda ya wuni cikin kaji ina zai yi marmarin ƙwai?"

Ya faɗe ta a sanyaye, yana kallon cikin idona. Wataƙila gaskiya ce. Wallahi har yanzu da nake rubuta muku ban sani ba. Abin da na sani shi ne amsar ta fito da sauri, sumul, kamar wadda aka daɗe da tanada.

"In kika faɗa wa likitar nan, rahoto za ta kai," ya ce, ya rage murya. "Za su zo su rufe gonar, wataƙila su ce a hallaka kajin. Da me zan riƙe ki? Ki ba ni kwana kaɗan. Abba zai warke, ai suna ba shi magani."

Kafin in amsa sai muka ji gudu. Ma'aikaciyar jinya ce ta fito daga ɗakin Abba tana kiran likita. Na ture Mai Kaji na bi ta. Abba na rawar sanyi har gadon na kaɗawa, yana sambatu, yana kiran sunan mahaifiyarsa da ta rasu tun ban zo duniya ba. Likitar ta duba jakar fitsarin da ke rataye, kusan babu komai a ciki. Ta juyo, wannan karon ni ta kalla, ba Umma ba.

"Ƙanwata, ɗazu kin so ki yi magana."

Umma ta riƙe mini hannu, farcenta har cikin fatata. Gwaggo ta ce, "Yarinya ce, ruɗewa ta yi." A bakin ƙofa Mai Kaji na tsaye, yana girgiza mini kai a hankali.

Na kalli Abba. Mutumin da ya ce mu daina tara masa jama'a.

"Ɗanyen ƙwai yake sha a madara kullum," na ce. "Daga gonar wancan yake. Yanzu na dawo daga can. A ɗakin abincin kaji ake tsinto shi, cikin kashin ɓera, a wanke a roba. Akwai ma'aikaciyarsu ma a kwance."

"Wankewar ma ta ƙara," in ji likitar, tana rubutu da sauri. "Ɓawon ƙwai yana da ƙananan ƙofofi, ruwa mai datti shi ke tura cutar ciki." Ta ba ma'aikaciyar jinya umarni, aka fita da gudu aka dawo da wata allura. Sannan ta dubi ƙofa. "Malam, sunan gonar da inda take. Dole in sanar da jami'an lafiya yau."

Ya faɗa mata, murya can ƙasa. Bai ƙara kallo na ba. Da na sake waigawa babu shi, sai ledar lemonsa a kan benci.

Umma ta saki hannuna kamar ta taɓa wuta. "Kin huta," ta ce. "Kin kashe aurenki da bakinki." Gwaggo kuwa kuka ta fasa, ba na ɗan'uwanta da ke kwance ba, na ranar Asabar.

Wajen la'asar rawar sanyin ta lafa. Abba ya buɗe ido ya nemi ruwa, likitar ta ce kar mu saki jiki tukuna, amma ta ɗan yi murmushi, karo na farko. Na zauna a baranda da wayata a cinya. Na rubuta masa *Ka yi haƙuri*, na goge. Na rubuta *Da Abbanka ne fa?*, na goge. Shi ma na ga alamar yana rubutu, ya daina, ya sake farawa, ya daina. Ba abin da ya shigo.

Ƙarar sanda a kan tayil ce ta sa na ɗago. Wata dattijuwa ce ke tahowa, baƙar abaya mai duwatsu, zoben zinariya a kusan kowane yatsa, direba na bin ta da jakarta. Ba ta yi kama da mai jinya ba, ba ta yi kama da mai dubiya ba. Ta tsaya a gabanmu, ta bi mu da ido, ni da Umma da Gwaggo da Yaya, kamar mai zaɓen kaza a kasuwa.

"Sannunku da jinya," ta ce, ba alamar tausayi a muryar. "Wace ce a cikinku ta tura mini hukuma gona?"

Umma ta miƙe tana gyara mayafi. "Baiwar Allah, ina jin kin yi ɓatan kai. Mu gonar surukinmu ce ake magana."

"Surukinku." Dattijuwar ta maimaita kalmar a hankali, kamar tana ɗanɗana ta. "Dogon nan mai ƙamshi? Haka ya ce muku, tasa ce?"

Ta miƙa wa direban sandarta, ta zauna a bencin kusa da ni, ta ture ledar lemon gefe.

"Matso, 'yar nan. Daga ganin idonki ke ce. Ni da ke muna da magana, kuma gara uwarki ta zauna kafin in fara."